Ƙaho a Ƙeyar Ɗan Dambe

Sun rushe tsohon siton da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ban san ranar da aka yi ba. Ni dai na biyo ta wajen da zabirata a rataye, zan je askin suna a Kwangila, sai na ga jerin shaguna masu ƙofar ƙarfe an shafe su da shuɗin fenti, samari na ta cinikin waya, kowane shago da kiɗansa. Na tsaya sororo kamar baƙo, a garin da aka yanke min cibiya. Wani mai shago ya leƙo ya ce, "Baba, caja kake nema?" Na ce masa a'a, na wuce. To me zan ce masa? In ce daidai inda ya ajiye bencinsa nan buhun yashi yake rataye a da, kuma mutumin da ya yi shekaru yana dukan buhun nan ya taɓa sa rigar ƙasar nan a gasar Olamfik? Iyaka ya ce Allah sarki, ya koma kan wayarsa.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. A lokacin da nake magana, wajen shekarun da soja suka koma bariki, gemuna baƙi ne wuluk, ina zaune a gindin mahaifina a rumfarmu, jifa ɗaya daga siton. Safiyar Minna a wancan zamani da kunne ake gane ta. Kiran salla, sai kukan jirgin kaya in ya ga damar zuwa, sai matan Gwarawa suna wucewa da doya a kafaɗa suna gaisawa da yarensu, sai askar Baba a kan dutsen washi, shuu, shuu, babu gaggawa. Aikina in share rumfa, in ɗebo ruwa, in wanke ƙahoni da ruwan zafi in jera su a rana. A ƙarƙashin duk wannan akwai wata ƙara da muka saba da ita har ba ma jin ta sai ta tsaya: igiyar tsalle tana marin siminti, tas-tas-tas, da dukan buhu, dum, dum. Yanzu fa? Yanzu janareta ke tashin mutane daga barci. Samari sun koma shagon aski mai madubi, a zauna a kujera mai juyawa inji na kuka a kunne, mai askin idonsa na kan ƙwallo a talabijin, bai ma san siffar kan da ke gabansa ba. Baba kuwa ba ya ɗora aska a kan mutum sai ya shafa kan da tafin hannu tukuna, daga goshi har ƙeya. Yakan ce min, "Kai, fara jin kan da hannunka. Mutum ya miƙo maka wurin da shi kansa ba ya gani." A lokacin na ɗauka surutun tsofaffi ne kawai.

Mai dukan buhun nan ba zan faɗi sunansa ba. Mu Ɗan Nna muke ce masa, don uwarsa Banufiya ce daga Bida, mai ƙuli-ƙuli a bakin tasha, kowa kuma Nna yake kiranta. Na girme shi da kaɗan. Dogo ne, siriri kamar ba a ba shi abinci, ga kunya. In ka gan shi durƙushe yana taya uwarsa matse tunkuza ba za ka taɓa cewa hannun nan na kayar da ƙato ba. Mai koya musu dambe, shi da sauran samari, wani dattijo ne Kirista daga kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Koci kawai ake ce masa. Shi ya roƙo siton, shi ya ɗinka buhun da hannunsa, shi ke kora su gudu da sassafe su miƙa hanyar Maikunkele su dawo jiƙe sharkaf. Damben nasu ba irin namu na gargajiya ba ne mai zare a hannu. Na Turawa ne mai safar hannu, kuma a matakin da suke, na masu neman lambar yabo, ana sa wata hula mai kauri da ke rufe goshi da kunnuwa, a yi 'yan turame gajeru, alƙalai su ƙirga maki, a tashi. Mu a rumfa muka raɗa masa suna damben hula. Nakan tsokane shi in ce, "Kai da kake tsoron a taɓa maka kai har da su hula, me ya kai ka dambe?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Wanzam, shigo cikin igiya ka cire min ita mana."

Yadda ƙaho ya shigo cikin lamarin kuwa, Nna ce. Ya dawo daga wani wasa da ciwon kai, ta riƙo hannunsa kamar ƙaramin yaro har rumfarmu, ta ce wa Baba da Hausarta ta Nufawa, "Malam wanzami, jini ya kwanta masa a kai. Ka cire." Baba ya zaunar da shi a tabarma ya sunkuyar da kansa, ya aske ƙeya, ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya toshe ɗan ramin da jijiya, ya bari fata ta taso. Ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage da bakin aska, ya mayar. Da aka juye a ƙasa, jini ne baƙi, guda-guda. Nna ta leƙa ta ce, "Ka gani? Da duk yana ciki." Ɗan Nna ya tafi gida ya yi barci ya tashi garau. Shi ke nan abu ya zama al'ada. Kafin wasa in yi masa aski ƙwal-kwabo don hula ta zauna, bayan wasa Baba ya yi masa ƙaho. Duk unguwa mun yarda cewa kowane naushi da ya sha a ƙeya yake taruwa, kuma muddin an zubar da shi a ƙasa an rufe da toka, to mutum ya koma sabo. Koci bai so ba. Yakan girgiza kai ya ce hutu ne maganin, amma shi ba ya jayayya da uwa a kan ɗanta.

Yaro ya yi ta ci. Daga wasan jiha zuwa na ƙasa, daga nan aka kira shi sansani ya yi watanni ba mu sa shi a ido ba, sai labari ya zo yana cikin masu tafiya Olamfik. Kafin su tashi sai da ya sato jiki ya zo Minna don askina. Ya ce a sansani ma akwai masu inji, amma kansa bai yarda da su ba. Ranar wasansa, da hantsi ne a wajenmu, unguwa ta kwashe zuwa gidan kallo. Nna da ba ta taɓa taka irin wurin ba aka ajiye mata kujera a gaba, ta rufe fuska da mayafi tana leƙe ta gefe. Da ya fito cikin kore da fari, aka rubuta sunansa a ƙasan hoton, wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na zunguri na kusa da ni na ce, "Kan da ke cikin hular nan ni na aske shi." Ya ce, "Ai tuni ya tsiro, ka bar mu mu yi kallo." Ya ci wasan farko. A na biyu wani farin yaro mai dogon hannu ya fi shi maki, aka ɗaga hannun wancan. Sai wani ya fara tafi, kowa ya ɗauka. Bai zo da lamba ba, amma ranar da ya dawo 'yan kabu-kabu suka rako motarsa tun daga Chanchaga har ƙofar gidan Nna suna danna hon. Washegari ya zo rumfa. Na shafa kan daga goshi zuwa ƙeya yadda Baba ya koya min. Sumul yake, ba tabo, ba kumburi, sai 'yan layukan ƙahonmu. Da duniya ta tsaya a wannan safiyar, da ba ni da labarin bayarwa.

Manya suka kira shi aka ɗauki hoto, aka yi alkawarin aiki da gida, aka ce ya dawo mako mai zuwa. Ya yi ta komawa har takalminsa ya gaji. 'Yan kabu-kabun da suka rako shi suka fara tambayarsa yaushe zai sayi mota. Ya yi aure, ƙarfin Nna kuma yana raguwa, hannunta ba ya iya matse tunkuza kamar da. Ana haka wani mai shirya wasanni ya zo daga Legas cikin babbar mota, ya ce masa ya daina wahalar banza, a damben kuɗi ake cin abinci. Damben kuɗi kuwa babu hula, babu riga, safar hannun ta fi ƙanƙanta, turmi sai a yi ta yi har mai kallo ya gaji, kuma 'yan kallon ba maki suka zo gani ba, faɗuwa suka zo gani. Koci ya ce shi ba ya ciki. A gabana ya ce masa, "Yarona, kai naka ka taɓa ka kauce ne. Can wurin masu tsayawa a daka su ne. Ba jikinka ba ne." Ɗan Nna ya sunkuyar da kai ya ce, "To Koci, in ci me?" Haka ya bi mai babbar motar. Ba a daɗe ba dattijon ya tattara ya koma garinsu.

Ni na fara sanin ɓarnar da ake masa, don hannuna ke bin kan. Girar hagu ta tsage aka ɗinke, ta sake tsagewa a wuri guda. Kunne ya kumbura ya ƙi sacewa. Bayan kunnen dama wani ƙullutu ya fito kamar goro ya samu wurin zama. Yana ci, yana shan kaye, ya je Legas, ya tsallaka ƙasashen maƙwabta, har ya yi suna da wanda ba ya kwanciya, don ko an kai shi ƙasa sai ya dafa igiya ya miƙe kafin alƙali ya gama ƙirga. Duk dawowa Nna ta kawo shi, Baba ya kafa ƙaho, baƙin jini ya zuba, kowa ya yi ajiyar zuciya. Amma sai na lura ina cikin aski zai tambaye ni lafiyar iyali, in amsa, kafin in zagayo ɗaya gefen ya sake tambaya. Maganarsa ta fara nauyi kamar mai tuwo a baki. Na tsokane shi na ce ko Legas ta koya masa shan wani abu ne. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Ranar da nake son in faɗa, cikin bazara ne, bayan azahar, zafin Minna irin wanda kwalta ke kama takalmi. Ya dawo daga wani wasa da aka ce an kai shi ƙasa an sake kai shi, amma a ƙarshe shi ya ci. Nna ta riƙo shi, samari na biye suna yi masa kirari. Ya zauna a tabarma ya sunkuyar da kai tun ba a ce ba. Na miƙa wa Baba ƙaho. Baba ya karɓa, ya shafa kan, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ɗago haɓarsa ya dubi idanunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ɗana, wa ya kawo ka nan?"

Ɗan Nna ya yi murmushi ya waiga. Nna na tsaye a kansa, hannunta ma bai bar kafaɗarsa ba. Ya dube ta, ya dubi Baba, ya ce, "Koci ne."

Baba ya ajiye ƙahon a kan zabira, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Nna, ba zan yi ba."

Ta ce, "Don me? Jini ya taru. Kai ne kake cirewa kullum."

Ya ce, "Jinin da nake cirewa na fata ne. Tsakanin bakin ƙahona da abin da ke damun yaron nan akwai ƙashi. Ban taɓa kaiwa can ba, ba kuma zan kai ba. In na yi masa yau zai ji sakayau, ya ce ya warke, ya koma a ƙara masa. Ku kai shi asibiti, kuma ya bar damben nan."

Nna ta hau faɗa, rabi Hausa rabi Nufanci. Ta ce shekara da shekaru yana yi bai taɓa faɗin haka ba sai yanzu da yaro ya fara samu, in baƙin ciki ne ya fito fili ya faɗa. Samarin suka sulale ɗaya-ɗaya. Baba ya ɗauki butarsa ya shige gida. Tun da nake ban taɓa ganin ya bar mutum zaune a tabarma ba sai ranar.

Sai Ɗan Nna ya juyo gare ni. Ya ce, "Wanzam, kai ka yi min. Ai ka iya. Kaina nauyi yake, kamar an ɗora min dutsen niƙa." Ya kamo hannuna ya ɗora a ƙeyarsa, na ji ta zafi rau. Na iya ɗin kuwa, kuma babu abin da nake so a ranar kamar in sauke masa nauyin nan. Na zare hannuna na ce, "Ka ji abin da Baba ya ce. Ka bari, don Allah. In ma kana so ka zo in koya maka aski mu zauna nan tare."

Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa. Ya ce, "Ni da aka rubuta sunana a talabijin?" Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya tafi.

Mun ɗauka ƙin da muka yi zai tsayar da shi. Ina. Wanzamai nawa ne a Minna? Washegari ya zo rumfa yana fara'a, ya juya min ƙeya. Sabbin tsage ne, manya-manya, aikin wani mutumin Kagara da ke shigowa ranar kasuwa. Ya ce, "Ka gani, Wanzam? Wasai nake." Matarsa ta lallaɓa shi ta kai shi asibiti, likita ya faɗi abin da Baba ya faɗa, ya ƙara da cewa naushi guda na iya gamawa da shi. Na kira Koci a waya na miƙa masa, dattijo ya yi ta magana har katina ya ƙare. Limamin unguwa ya zaunar da shi. Ita kanta Nna, ranar da ya fita sayen burodi ya kasa gane hanyar gida sai da maƙwabci ya rako shi, ta zo ta durƙusa a bakin rumfa tana kuka, ta ce Baba ya yafe mata, ya taimaka ya hana shi. Baba ya ce, "Nna, da me zan hana shi? Aska gare ni." Kowa ya yi masa magana, kowa kuma ya ce masa to. In mai babbar mota ya aiko, sai ya ɗauki jakarsa. Muka tsaya muna kallo yadda ake kallon jirgi in ya bar tasha, kowa da hannunsa a jikinsa, babu abin da za a yi da shi.

Wasansa na ƙarshe ba mu gani ba, ba a nuna shi ko'ina ba. A kujerar bayan mota aka dawo da shi a kwance, direban ko inji bai kashe ba. Ya daɗe a asibiti. Ya tashi, amma ba dukansa ne ya tashi ba: ƙafa ɗaya yana jan ta, hannuwa na rawa, magana sai ka kasa kunne. Baba bai jima ba ya rasu, Nna ta bi bayansa. Mai babbar mota ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu duk Juma'a da safe nakan je gidansu in yi masa aski kafin masallaci. Matarsa, Allah ya saka mata da alheri, ita ta gaji kaskon ƙuli-ƙulin Nna, ita ke shimfiɗa mana tabarma a zaure. Hoton nan na kore da fari yana jikin bango, rana ta cinye shi har koren ya koma ruwan toka. Samarin unguwa suna wuce shi a ƙofar gida, kansu a sunkuye suna kallon damben wasu ƙasashe a waya, in za su yi kwatance su ce gidan tsohon nan mai rawar hannu. Ba na ganin laifinsu, wa ya faɗa musu? Sunana ya ɓace masa tuntuni. Wanzam ɗin ne bai ɓace ba, wataƙila don askar da yake gani a hannuna. Wata Juma'ar ya tarbe ni da fara'a, wata ya yi ta kallona kamar mai neman inda ya san ni. Amma da zarar tafin hannuna ya sauka a goshinsa ya bi zuwa ƙeya, sai in ji jikinsa ya saki. Kan da na sani sumul yanzu furfura ce da tabo. Na san kowane tabo da wasan da ya kawo shi, shi kuwa bai san ko ɗaya ba. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba, kuma shekarun nan ba su rage komai ba.

In na gama askin, kullum sai ya sunkuyar da kai ya nuna ƙeya ya ce, "Wanzam, ka cire min." Da farko ina ƙi, sai ya yi ta kuka kamar yaro, ya wuni bai ci abinci ba. Sai na koma zuwa da ƙahon Baba, wancan ɗin da ya ajiye. In kafa, in zuƙa, in toshe, ba tsaga, ba jini. In bar shi ya ɗan jima, in cire, in juya baya in yi kamar ina zubarwa, in tura ƙasa a kai da ƙafa.

Juma'ar da ta wuce, bayan na ga shagunan nan, ina cirewa ya tambaye ni, "Ya fita?"

Na ce, "Ya fita."

"Baƙi?"

"Baƙi ƙirin."

Ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe, har na hango yaron nan mai matse tunkuza. Ya ce, "Madalla. To gobe da sassafe zan je sito. Koci na jirana, kar ya ce na yi lalaci." Ya ɗago hannuwan nan masu rawa ya kai su daidai haɓa. "Ka zo ka yi kallo, Wanzam."

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta dube ni, na dube ta. Na goge ƙahon, busasshe, na mayar cikin zabira.

Na ce, "Zan zo."